Katangar Ɗakin Kulu

A wani zamani an yi wani sarki a Birnin Tsaure, mai son jama'arsa, sai dai mai gaggawar hukunci. Damina biyu a jere katangar fadarsa tana zubewa, saboda haka ya kira Jatau, sarkin magina, ya ce: "Waziri ya ce a ƙara mata kauri, an ƙara, ta faɗi. Na ba ka kwana uku ka gaya mini abin da ke ƙarfafa gini, in ka kasa, rawaninka ya koma kan wani."

Jatau ya koma gida, ya ƙi tuwo. Matarsa Kulu ta dube shi ta yi dariya. "Maigida, ɗakin nan nawa shekararsa tara, ko tsagewa bai yi ba. Ko don lokacin kana neman aurena ne hannunka ya fi kyau?"

Jatau ya shafa bangon, ya ji shi sumul, sai ya tuna. Kulu da ƙawayenta ne suka jiƙa masa ɓawon ɗorawa, ruwan ya yi ja ya zama makuba, ya kwaɓa yaɓen da shi, tana miƙo masa tulu tana sunkuyar da kai.

A rana ta uku Jatau ya roƙi sarki ya tako gidansa. Aka kwarara wa bangon tulu goma, ruwa ya gangare, ƙasa ba ta motsa ba.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Jatau, "makuba ce. Tun da aka killace itatuwan ɗorawa aka ce na fada ne, aka hana mata tsinka, bayi ke cire garin su ƙone ɓawon, mu kuwa muna yaɓe da ruwa zalla."

Sarki ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya fashe da dariya. "Ashe da hannuna na rushe katangata, ina neman mai laifi!"

Nan take ya mayar wa mata itatuwansu, ya yafa wa Jatau alkyabba, ya ba Kulu ɗorawa bakwai halak malak. Daga bayan ƙofa Kulu ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka amsa.

Haƙƙin talaka idan ya koma hannunsa, bangon sarki ne ke fara amfana.