Gayyar da Mata Suka Kira a Gidan Likita

Akwai wata ma'aikaciyar jinya mai suna Rahina, ƴar garin Magaria, da aka tura aiki wani ƙauye a ƙasar Dogo-Dogo. Shekara bakwai ta yi a gidan likitan ƙauyen. Su biyu ne kaɗai masu farar riga a wurin, ita da majo Muttaƙa, wato babban ma'aikacin jinya, wanda shi ne shugaba.

A shekarunta na farko mata kan ce allurar Madam Rahina ba ta da zafi. Tana yi wa yaro wasa har ta gama bai sani ba. Ta san sunan kowace uwa, ta san jaririn da ya tsallake rigakafi, ta san gidan da za ta aika a tuna musu.

Sai aiki ya yi ta ƙaruwa. Matar da ke share wurin ta tsufa ta koma wajen ƴaƴanta, ba a kawo wata ba. Famfon tsakar gida ya lalace. Daga nan Rahina ce ke shara da sassafe, ita ke jawo ruwa a rijiyar bayan katanga, ita ke wanke zannuwan gado. Sai ta gama wannan duka take saka farar riga ta zauna rubuta karne, wato katin marasa lafiya. Majo kuwa rabin mako yana kan moto, wato babur, ko yana bin rugage da rigakafi ko yana kai rahoto Dungass.

Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, kuma tana alfahari da hakan. Shekara uku ba ta ɗauki konje ba, wato hutun aiki. Duk lokacin da majo ya ce ta je ta huta, amsarta ɗaya ce.

"In na tafi, wa zai tsaya?"

Daminar bara zazzaɓin cizon sauro ya shigo da ƙarfi. Layi kan tashi daga bakin ƙofa har gindin dogon yaron da ke bakin hanya. Rahina ta daina tambayar suna, sai dai ta ce "ta gaba" ba tare da ta ɗaga kai ba. Abinci a tsaye take ci, in ta tuna. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yaro zai yi kuka a gabanta, ta ji zuciyarta ba ta motsa ba. Da safe in ta hango layin, sai ta ji kamar ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.

Wata Laraba wata dattijuwa mai suna Inna Hinda ta zo a amalanken jaki daga rugarsu, ɗauke da jikanyarta Nasiba, ƴar shekara biyu. Ta tarar da layi, ta tsaya a ƙarshensa kamar kowa. Sai bayan azahar aka zo kanta. A lokacin yarinyar ta fara jijjiga, idanunta sun juye.

Rahina ta miƙe a fusace.

"Haka kuke yi kullum! Sai kun gama jiƙe-jiƙenku a gida, sannan ku kawo mini yaro yana bakin mutuwa. Me kike so in yi yanzu?"

Inna Hinda ta ce a hankali, "Tun hantsi muna nan, Madam. Muna can baya."

Rahina ta karɓe ta ta kwantar. Ta ɗauki allura za ta sa wa yarinyar ƙarin ruwa da magani. Ta nemi jijiya ta rasa. Ta sake, ta rasa. Sai a karo na huɗu ta samu. Allah ya sa da sauran kwana, zuwa la'asar jijjigar ta tsaya.

Washegari ta rubuta takardar ajiye aiki ta miƙa wa majo. Ya karanta har sau biyu.

"Madam Rahina, kin yi tunani kuwa?"

"Majo, yarinya ta yi wuni a layina tana mutuwa ban gan ta ba. Na zagi kakarta. Hannuna ya ƙi bin umarnina. Wadda ta zo nan shekara bakwai da suka wuce ba ni ba ce yanzu."

Ya ninke takardar ya saka a jakarsa. "Litinin zan kai rahoton wata Dungass. In ba ki karɓe ta ba kafin in hau moto, zan miƙa ta."

Inna Hinda ta yi kwana biyu tana jinyar jikanyarta a ɗakin kwantar da yara. Ba ta da surutu, amma tana kallo. Ta ga wadda ke jan guga da asuba. Ta ga wadda ke durƙusawa tana goge amai. Ta ga ita ce dai ke dawowa da allura a hannu.

Ranar Juma'a za a sallame su, Rahina ta zo ta rusuna a gabanta.

"Inna, ki yafe mini maganar da na faɗa miki."

"Faɗan bai dame ni ba, ƴata. Hannunki ne ya dame ni. Shekara arba'in ina tatsar shanu, saniyar da aka matsa wa tun daga tsayuwarta nake gane ta. Yaushe rabonki da cin abinci a zaune?"

"Aikin ne haka, Inna."

"Na kuma ji ana cewa za ki tafi."

Rahina ta sunkuyar da kai. Dattijuwar ta goya jikanyarta ta fita.

Asabar da safe Rahina ta fito da guga, sai ta tsaya cak. Mata sun fi talatin a tsakar gidan, wasu da tsintsiya, wasu da tulu, wasu da ƙoren fura. Maza na nome ciyawar bayan katanga suna cike kududdufai da ƙasa. Lokacin noma ne, kowa ya baro gonarsa. Har wani makaɗi ya biyo su da gangarsa, Inna Hinda ta kore shi can bakin hanya, ta ce marasa lafiya ba rawa suka zo ba.

Maimakon murna, sai ran Rahina ya ɓaci. Ta ji kamar an zo a nuna wa duniya ta kasa.

"Wa ya kira ku? Nan gidan likita ne, akwai doka, akwai tsafta. Kuma gayya mai gona ke kiranta. Ni ban kira kowa ba."

Inna Hinda ta dogara tsintsiyarta a ƙasa.

"Gaskiya kika faɗa, mai gona ke kira. To ƴaƴan wa ke kwance a ɗakin can? Gonarmu ce, ƴata. Mu muka bar ki kina noma ta ke kaɗai shekara da shekaru, muna zaune a inuwa muna jiran layi. Ba mu zo taɓa allurarki ba, allura taki ce, ke kika je lekol kika yi karatunta. Tsintsiya kuwa tun ba a haife ki ba na iya ta."

Mata suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Ki ba mu gugan, Madam, kafin Inna ta ƙwace da ƙarfi."

Rahina ta daɗe tana duban gugan da ke hannunta. Sannan ta miƙa shi.

Amma ta kafa sharaɗi. Duk mai taɓa zannuwan gado sai ta wanke hannu da sabulu, kuma ita za ta auna musu ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Ba mai shiga ɗakin allura. Bayan haka ta zaɓi mata shida ta zaunar da su, ta koya musu abu huɗu da za su riƙa dubawa a layi: yaron da ke jijjiga, wanda ya kasa shan nono, wanda ke amayar da komai, da wanda ake tashi ba ya farkawa. Ta ce duk wanda suka gani da ɗaya daga ciki, ko shi ne na ƙarshen zuwa, a kawo shi gaba nan take. Ta sa suka maimaita har sau biyar.

Gayya wuni ɗaya ake yi a watse. Inna Hinda ba ta yarda da haka ba. Kafin a sha fura ta raba kwanakin mako ga unguwanni da rugage, kowace rana mata uku, biyu ga shara da ruwa, ɗaya ga layi.

Lahadi bayan azahar layi ya ragu, majo na duba sauran. Matan suka matsa wa Rahina sai da ta ci tuwo a zaune, sannan ta shiga ɗakinta ta kwanta. Inna Hinda ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar.

Wani dillalin shanu ya zo da babbar riga, ya ce kansa ke ciwo kuma Madam kaɗai yake so ta duba shi.

"Madam na barci," in ji Inna Hinda.

"Barci? Da rana tsaka? A tashe ta mana!"

"Alhaji, kana jijjiga?"

"A'a."

"Ka kasa shan nono?"

Mutanen da ke gindin dogon yaro suka kwashe da dariya. Alhajin ya gyara hularsa ya je ya bi layin majo.

Ba a yi awa ɗaya ba, matar da ke kula da layi ta taho da gudu, tana janye da wata ƙaramar uwa da ta iso yanzu ta tsaya a baya. Jaririn da ke hannunta ana girgiza shi ba ya farkawa. Majo na ɗinke ƙafar wani da gatari ya sara, ba zai iya sakewa ba. Inna Hinda da kanta ta buga ƙofar.

"Taso, ƴata. Wannan naki ne."

Rahina ta fito ta wanke hannu, ta kama ɗan siririn hannun jaririn. Sau ɗaya ta sa allura ta samu jijiya. Hannunta bai motsa ba. Tana manna filasta ta ji bakinta na tambaya, "Yaya sunansa?" Sai a lokacin ta tuna wata nawa rabonta da yin wannan tambayar. Kafin magariba yaron ya buɗe ido ya kama nono.

Litinin da safe majo ya ɗaure jakarsa a bayan moto, ya tsaya yana kallonta. Rahina ta miƙa hannu, ya zaro takardar ya ba ta. Ta saka ta a aljihu, ta ba shi wasu guda biyu. Ta farko neman ƙarin ma'aikaci ce, da dangwalen yatsun mata arba'in da ɗaya a ƙasanta. Ta biyu neman konje ce na wata guda, bayan an gama yankan hatsi, lokacin da zazzaɓi ke lafawa.

Majo ya karanta ya yi murmushi. "To, Madam, in kin tafi wa zai tsaya?"

Ta juya ta nuna masa tsakar gida. Mata biyu na jan ruwa, ta uku na bin layi tana leƙa fuskar kowane yaro.

"Kai za ka riƙe allura, Majo. Sauran ga masu gona nan."

Har yau famfon bai gyaru ba, ƙarin ma'aikacin ma ana jira. Amma Rahina tana nan, ta je konjenta ta dawo, kuma mata sun koma cewa allurarta ba ta da zafi.

Darasi: Mai jinyar mutane shi ma mutum ne, yana gajiya, kuma gajiyarsa a jikin ƴaƴanmu take ƙarewa. In ka ga ma'aikaciyar jinya ta ɗaure fuska, ka duba nauyin da ke kanta kafin ka yanke mata hukunci, ka ɗauke mata abin da hannunka zai iya. Ke kuma mai farar riga, faɗin kin gaji da karɓar taimako ba kasawa ba ne. Ku tura wannan labari ga wata ma'aikaciyar jinya da kuka sani, ku kuma tura wa mutanen unguwarku, ko Allah zai sa wata Inna Hinda ta karanta.