Ranar da Aka Hana Sufyanu Motsa Baki

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Tsufa ya zo, kuma na yi yawo tsakanin Mafara da Bakura da Maradun har garuruwan sukan cakuɗe mini a ka. Ban riƙe shekarar ba, ban kuma riƙe sunan masu shirya jarrabawar ba. Abin da ya rage a zuciya shi zan faɗa.

A Talata Mafara akwai wani saurayi mai suna Sufyanu, ɗan Ɗanasabe mahauci. Allah ya yi masa baiwar hadda. Tun yana Islamiyya, in ya ji abu sau biyu, ya zauna ke nan. Wannan baiwa ce ta sa masa girman kai, har ya ɗauka babu ilimin da ya wuce a rera a maimaita.

Da ya gama sakandare sai ya ce shi ba zai gaji wuƙa ba. Aikin kilawud yake so, wato gina manhaja a kan wasu manyan kwamfutoci da ke nesa, waɗanda ake haya ta intanet. Akwai jarrabawar da ake yi, wanda ya ci a ba shi takardar shaida ya nemi aiki da ita.

Ɗanasabe ya saurare shi, ya ce, "Ni ban san wanga abu ba. Amma na ɗauke maka zuwa mahauta har Babbar Sallah. In ka ci, na sallame ka, bi hanyarka. In ba ka ci ba, ga wuƙarka nan rataye, ba mu sake maganar."

Sufyanu ya fara zuwa Bakura wurin Malam Tasi'u, mai koyar da aikin a wani ɗan shago. Tsarin Malam Tasi'u guda ne: ka gina ƙaramin abu da hannunka, ya lalace, ka nemo dalili, ka gyara. Cikin ɗalibansa akwai Ramla, 'yar Kaya ta ƙasar Maradun, wadda kullum aikinta sai ya ƙi kafin ya yi.

Sufyanu bai jima ba ya gaji. Sai ya samo tarin tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu a waya, irin waɗanda ake jero amsoshi a zaɓi ɗaya. Ya bar kwamfuta, ya koma gindin dogon yaro a bayan shago, yana rera su yana rangaji kamar mai tilawa.

Wata rana ya leƙo ya tarar da Ramla ta zabga tagumi. Ya ce, "Ke Ramla, har yanzu kina kokawa da na'ura? Tambaye ni ko mi kike so."

Ta ce, "To, in mutane sunka yi wa manhaja yawa ta tsaya, mi za ka fara dubawa?"

"Amsa ta uku."

"Ta uku ta mi?"

"Ta uku dai, 'yar ƙauye. Haka take a rubuce."

Malam Tasi'u, da ke jin su, ya ce, "Sufyanu, zauna ka taɓa abin nan da hannunka. Kuma ka karanta ƙa'idojin zaman jarrabawar tun da wuri."

Ya ce, "Malam, ai ni na riga na sauke."

Bai tsaya nan ba. Ya gaya wa mahaifinsa cewa an gama, saura karɓar takarda. Ɗanasabe, cikin murna, ya gaya wa 'yan'uwansa mahauta, suka fara kiran yaron Injiniya. Ranar jarrabawa ya ware cinyar rago don balangu, ya ce kowa ya zo bayan la'asar.

A ɗakin Malam Tasi'u aka yi zaman. Aka rufe ƙofa, daga Sufyanu sai kwamfuta, mai sa ido kuma yana kallonsa ta kyamara daga wata ƙasa. Tambayar farko ta fito. Sufyanu ya gyara zama, ya fara raɗa, jiki ya kama rangaji. Nan take saƙo ya bayyana: a daina motsa baki, a zauna wuri guda. Ba a jima ba, leɓe ya sake kuɓuce masa. Saƙo na biyu ya ce in ya ƙara, za a soke jarrabawar.

Ya datse baki. Ashe duk abin da ya tara a harshe yake, sai an ja shi da murya yake fitowa. Ga shi kuma tambayoyin sun zo cikin wata riga. Kowace ɗan labari ce: ga mai shago, ga abin da ya lalace masa, me za ka yi? Wanda ya taɓa gyara da hannunsa zai gane hanya. Sufyanu bai taɓa ba. Ya zauna gumi na karyo masa, yana zaɓen amsa da ka, har lokaci ya cika. Sakamako ya fito, bai ci ba.

Da ya sauka a Mafara, tun daga bakin layi ya jiyo ƙamshin balangu. Surajo, wani mahauci mai barkwanci, ya hango shi ya ɗaga murya: "Ga Injiniya! A buɗe hanya!"

Aka yi shewa. Sufyanu ya durƙusa gaban mahaifinsa, kai a ƙasa. Shewar ta mutu a hankali. Ɗanasabe ya dube shi, ya dubi jama'ar da shi da kansa ya tara. Can ya ce, "Ku ci, bayin Allah. Nama ba shi da laifi."

Da ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Washegari babu wanda ya tuna masa alkawari. Shi da kansa ya sauke wuƙar daga ƙusa ya bi bayan tsohon. Sunan Injiniya kuwa ya bi shi har teburin nama, kuma duk wanda ya kira, sai ya sunkuyar da kai. Ramla, na ji an ce, ta ci tata bayan Sallah.

Darasin shi ne, hadda baiwa ce, amma ita kaɗai ba ta zama gwaninta. Ko malamanmu na zaure ba sa sallamar ɗalibi sai ya san ma'anar abin da ya riƙe. Mai shirin irin wannan jarrabawa ya sa hannu a aikin, ya jure kuskure, ya san ƙa'idar zama, kuma kada ya tara jama'a kan abin da bai shigo hannu ba. Abu guda na tabbatar da kaina. Wata Talata na tsaya teburin Sufyanu, na roƙe shi ya karanto mini tambayoyin nan. Ya jero su ba tuntuɓe, har mai jiran tsoka ya gaji ya tafi. Na zaɓi guda na ce ya yi mini bayaninta. Sai ya ɗauki wuƙa ya ce, "Baba, na nawa za a yanka maka?"