Fayil na Huɗu

"Kai ka ce babu takardar da ke ɓace maka."

"Ranka ya daɗe, a ƙara mini kwana biyu."

"Kwana biyun nan kake nema tun watan jiya."

Haka magatakardan kotu da mai ajiyar fayil suka tsaya suna yi a bakin ƙofa, masu ƙara na zaune suna kallo. Magatakarda ya ce masa ko ya fito da fayil ɗin, ko ya fito da takardar barin aiki. Shi kuwa ya rantse fayil yana cikin ɗakin. Gaskiya ya faɗa, ya 'yan uwa. Yana ciki. Shi ya sa shi da hannunsa.

Shi wannan mai ajiyar fayil, shekara goma sha ɗaya yana aiki a ɗakin ajiyar takardun kotun. Dogon ɗaki, ba taga, kantocin ƙarfe har rufi, fayiloli a ɗaure da zare. Sau biyu ana ƙarin girma ana tsallake shi. A na biyun, wanda shi ya koya wa aiki aka naɗa magatakarda a kansa. Ya je ya yi masa murna, har da dariya.

Bai taɓa sata ba. Bai taɓa karɓar na goro ba. Abin da yake yi ƙarami ne. Duk ranar da aka ɓata masa rai, sai ya zari fayil ɗin da za a nema, ya cusa shi cikin na wata shekara, a wata kanta. Ya bar su kwana uku suna zufa, alƙali na faɗa, magatakarda na ba da haƙuri. Sannan ya shiga, ya fito yana hure ƙura. Har suka sa masa suna Tocila. Abu ya ɓace, a kira Tocila. A gida yakan ce wa matarsa, ranar da bai je ba kotun nan kulle ta za a yi.

Wata Alhamis magatakarda ya yi masa faɗan makara a gaban mutane. Ranar fayil huɗu ya ɓoye. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana goma. Yana kwance rufin ɗakin ya yi yoyo, aka sa leburori suka sauke kantoci, suka mayar yadda suka ga dama.

Ya dawo ya samo uku.

Na huɗun na wani mai walda ne da aka kama a faɗan kasuwa yana wucewa. Bayanin shaidun da suka wanke shi yana ciki. Da an zauna, da an sallame shi. Ba fayil, ba zama. Aka ɗage. Aka sake ɗagewa. Mai walda yana gidan yari yana jira.

Yana da yaya mace. Kowace Litinin takan zo ta zauna a bencin da ke kallon ƙofar ɗakin ajiya. An gaya mata wannan bawan Allah shi ke gano abin da ya ɓace, don haka har ƙasa take gaishe shi. Ta sa masa albarka, ta sa wa 'ya'yansa. Ya amsa da amin, ya shige, ya rufe ƙofa.

Me ya hana shi magana? Da ya faɗi shekarar da ya cusa fayil ɗin a cikinta, da mutum goma sun taya shi nema. Amma sai an tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya zaɓi ya nema shi kaɗai. Wata bakwai yana kwance zare yana ɗaurewa, har fatar yatsunsa ta tsage.

A wata na bakwai tari ya kama mai walda. Kafin a gama rubuce-rubucen haɗa sabon fayil, aka aiko a zo a ɗauki gawa.

Sai a ranar Tocila ya faɗi abin da ya yi. Aka kore shi. Matarsa ta kwashi yara ta tafi gidansu, ta ce tsoronsa take ji.

Har yau yana nan. Kullum da safe yana bakin ƙofar kotu yana roƙon mai gadi ya bar shi ya shiga minti biyar, wai ya tuna, kanta ta tara ce. Gobe ya ce ta sha huɗu. Waɗanda suke sahu ɗaya da shi a masallaci sun ce ko a zaman tahiya yatsunsa ba sa tsayawa. Suna ta buɗe takardun da babu su.

Ya 'yan uwa, ba sai ka saci kaya ba kake cin amana. Wanda ya ɓoye, wanda ya jinkirta da gangan, wanda ya ɓata aiki don a san muhimmancinsa, duk tafiyarsu ɗaya. Kana jin haushin shugabanka? Shi kake nufi da jifa, amma ba shi kake samu ba. Wani ne can a layi, bai san ka ba, bai san an tsallake ka ba. In an zalunce ka, buɗe baki ka faɗa. In ba za ka iya ba, ajiye aikin. Kada ka rama a kan wanda ya dogara da hannunka.

Allah ya tsare mu da ƙullin zuciya, ya kiyaye hannayenmu daga haƙƙin da ba mu da hanyar mayarwa. Amin.

Yayar mai walda ta sake zuwa sau ɗaya, karɓar wata takarda. Ta sami Tocila a bakin ƙofa. Mai gadi ya miƙe, yana zaton za ta shaƙe shi. Ba ta zage shi ba. Ta dube shi, ta yi magana a hankali.

"Malam, ranar da ka ɗauko fayil ɗin ka ɓoye, ka ko buɗe ka ga sunansa?"