Wanda Zai Zauna a Gurbin Malam Cindo

Bana dogon hutu ya zo, babu maigidana Malam Cindo. Shekara tara yana tara yaran ma'aikatan kamfanin casar shinkafa a zaurenmu, masu lafiya da guragu da kurame, su yi karatu da wasa har iyayensu su taso daga aiki. Da ya rasu, zauren ya yi tsit. Ku ji abin da mutum uku suka yi.

Ladidi mai shara ce a kamfanin, 'yarta Tasallah kurma ce. In babu makarantar hutu, sai dai ta kulle yarinyar a ɗaki tun safe har la'asar. Sau uku tana sa a rubuta mata takardar neman taimako, sau uku takardar na maƙalewa a teburin sakatare. Amma mai shara ta san manaja yakan riga sakatarensa zuwa. Ran nan ta jingine tsintsiya, ta durƙusa ta faɗa masa da baki. Ya yarda zai ba da tsohon sito da kuɗin abinci, amma ban da nakasassu. Ladidi ta fito, ta samo wa 'ya'yan wasu ban da tata.

Barau, shugaban ƙungiyar ma'aikata, shi aka kira ya sa hannu a takardar yarjejeniya. Ya ture takardar.

"Ranka ya daɗe, Malam Cindo bai taɓa tsince yara kamar shinkafa ba. Ko duka, ko a bari."

Mako biyu wasu iyayen ba sa amsa gaisuwarsa, wai ya ja musu asara. Bai sauya ba. Daga baya manaja ya sauko, ya ce guragu da sauƙi, amma wa zai yi magana da kurame? A kawo masa mutumin, shi kuma ya yarda.

Tanko mai gadi ne. Mahaifiyarsa kurma ce, da hannu ya fara magana kafin baki, amma ya ɓoye haka saboda tsokanar da ya sha yana yaro. Da ya ji, ya ce a kawo Tasallah gaban manaja. Suka yi ta magana da hannu, har Tanko ya ƙunshe dariya. Manaja ya tambayi me ta ce.

"Ranka ya daɗe, wai buhu nawa ka ci yau?"

Manaja ya dubi tumbinsa, ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki biro.

Yanzu yara talatin da ɗaya ke siton, Tasallah a sahun gaba. Manaja ya ce duk hutu zai saki ɗaya cikin ukun nan da albashinsa, ya zauna a gurbin Malam, kuma ni zan zaɓa. Allah ya jiƙan Malam Cindo, ku taya ni da amin.

To, ku gaya mini: tsakanin Ladidi da Barau da Tanko, wa ya fi cancanta?