Saƙon Da Ya Ce Tuva Ta Ci Gilashi

Akwai wata mata mai suna Bronagh, 'yar ƙasar Ireland, da ke aure a garin Gävle na Sweden. Shekararta shida a garin amma ta ƙi koyon yarensu. Kullum cewa take, "Ina da Turanci, me zan yi da shi?"

Wata ranar Asabar ta kai 'yarta Tuva wajen surukarta Gunvor, ta wuce aiki.

Da rana saƙon tsohuwar ya shigo da yaren Sweden, haɗe da hoto. Ga Tuva kwance ta riƙe ciki, bakinta jajawur. Kalma biyu kawai Bronagh ta gane, sunan 'yarta da "glass".

Nan take ta fassara shi da ma'anarsa ta Turanci. Yarinya ta haɗiyi gilashi, ga jini nan a baki.

Ta kira Gunvor sau uku ba a ɗauka ba. Mijinta yana daji wajen aikin katako, babu sabis. Ta kira motar asibiti, sannan ta figi mota. Ko ganin hanya ba ta yi sosai saboda hawaye, saura ƙiris ta bi ta kan wani mai keke.

Tana isa ta fizge yarinyar ta buɗa mata baki tana leƙawa.

"Na ba ki amanar 'yata kin zauna kina kallo za ta mutu? Wace irin kaka ce ke?"

Maƙwabta suka firfito. Gunvor ba ta gane duk maganar ba, amma ta gane zagi ne. 

Motar asibiti ta iso, ma'aikaciyar ta duba Tuva, ta karɓi wayar Bronagh ta karanta saƙon.

"Baiwar Allah, a nan 'glass' askirim ne. Na jan 'ya'yan itace ta sha ya yi mata yawa. Kakar haƙuri ma take ba ki a saƙon."

Tuva ta ce, "Mama, uku na sha. Ni na yi ta roƙon Kaka."

Bronagh ta zube a bakin ƙofa tana kuka, ta kasa ɗaga ido. Tsohuwar ta shiga ciki, ta fito da kofi biyu, ta zauna kusa da ita a ƙasa.

Darasi: Kama da wane ba ta wane. Kada ka raina harshen mutanen da kake zaune cikinsu, kuma ka tambaya kafin ka zargi wani. Ku tura wa 'yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen waje.