Rijiyar Kakan Magaji

A zamanin da garin Rafin Kanya ba shi da likita sai Jatau, zawo ya addabi jama'a. Magajin Gari Ɓaidu ya sa aka kirawo shi.

"Jatau, ka kashe cutar nan, ko ka bar mini gari."

"Ranka ya daɗe, a rufe rijiyar kasuwa. Ruwanta ke kwantar da mutane."

"Tir! Kakana ya haƙa ta, ruwanta albarka ne. Ka kashe cutar, amma kada ka taɓa rijiyar!"

Ranar kasuwa Jatau ya cika ƙwarya da ruwan, kore shar, ya durƙusa gaban Magaji a bainar jama'a.

"Ranka ya daɗe, na gano matsalar. Albarkar kakanka ta fi ƙarfin cikin talaka, sai jika. Bismillah."

Magaji ya leƙa ƙwaryar, wani ɗan kwaɗo ya leƙo shi.

"A rufe ta!" in ji Magaji. "Marigayi ya gaji da rabon albarka."

Zawo ya kau. Bayan zamanin Ɓaidu, da aka tashi naɗa sabon Magaji, jama'a suka ce sai Jatau, mutumin da ya fara miƙa wa mai mulki abin da talaka ke sha.