Limamin da Ya Dangwala Hannu

An yi wani mutum a unguwar Adjamé Liberté ta birnin Abidjan, limamin masallacin 'yan kasuwa mutanen Nijar. Jama'a sun yarda da shi ƙwarai. Ko ya ce rana ta faɗi, ba mai leƙa waje ya duba.

Wata rana wakilin wata ƙasa mai nisa ya kira shi ofishinsa a unguwar Treichville. Ƙasar tana yaƙi da maƙwabciyarta, samarinta sun fara ƙarewa. Wakilin ya zuba masa shayi, ya yi masa alkawarin bene a kan masallaci da kujera kusa da jakada ranar biki. Samari kawai yake so. Za a ce musu aikin gadi ne.

Liman ya ce, "Gadin me?"

Wakilin ya yi murmushi, ya ƙara masa shayi. Liman ya gane. Amma ya shanye shayin.

Bayan sallar la'asar ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya ce, "Wallahi aikin halal ne, gadin sito ne kawai."

Liman bai iya boko ba. Ɗansa Babani, haifaffen Abidjan, shi ke rubuta masa takardun Faransanci. Ya ce masa, "Rubuta sunayen masu so. Ban da kai."

Babani ya ce, "Haba Papa, kullum ni ne ban da ni!"

Takarda ta cika, liman ya dangwala hannu. Bai ce a karanta masa ba. Tsoron jin sunayen yake yi.

A makon nan Babani ya ce zai je Maraɗi gaida kakarsa. Liman ya yi murna zai yi nisa da wannan magana. Da kansa ya raka shi tashar Adjamé, ya sa masa albarka.

Samarin suka tafi. Wata biyu ana samun waya daga gare su, sai shiru. Iyaye mata suka fara tsayuwa a ƙofar masallaci. Hadijatu mai sayar da kifi ta ce, "Malam, wane irin sito ne ake harbi a cikinsa? Na ji da kunnena a wayar ɗana."  Liman ya ruga Treichville, ya tarar da ofis a kulle, ko allon suna babu. Ya kira Babani, wayar ba ta shiga. Kakar a Maraɗi kuwa bai kira ta ba. Yakan ɗauki wayar, ya ajiye.

Sai wani cikin samarin, Imrana, ya dawo da ƙafa ɗaya da sunayen waɗanda suka mutu. Aka taru a masallaci don addu'a, liman a gaba. Imrana yana kira, ana salati. A suna na bakwai ya tsaya, ya dubi liman.

"Babani. Malam, tun a filin jirgi na ce masa mu gudu, na ga kakin soja. Ya ce babansa ya rantse da Alƙur'ani."

Ba a shafa fatiha ba ranar. Yau benen da aka fara ginawa yana nan ba rufi, rodi a tsaye. Limamin kuwa yana tashar Adjamé ba takalmi, yana tare kowace mota daga Nijar yana leƙa taga.

Ya 'yan uwa, masu mulkin duniya suna da jirage da bindigogi. Me ya kawo su wurin liman? Amanar da ba su da ita suka zo saye. Ya hana ɗansa da baki a cikin ɗaki, ya kira shi da rantsuwa a cikin masallaci. Wanne ɗan zai bi? Duk wanda ya sayar da maganar Allah, ya sani na gidansa ma suna cikin sahu.

Allah ya jiƙan samarin nan. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye malamanmu daga shayin masu mulki. Amin.